Gallica: Inda Yake Kai Mai Binciken Sarautar Faransa da Inda Yake Tsayawa

Gallica shi ne reshen intanet na Babban Laburaren Ƙasar Faransa, wanda ake taƙaita sunansa da BnF. An buɗe shi a 1997, kuma yanzu abin da ke cikinsa ya haura miliyan 10: littattafai, jaridu, rubuce-rubucen hannu, taswirori, zane-zane, har da hotunan tsabar kuɗi. Ba a biyan ko sisi, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka karanta ko ka sauke. Ma'aunin da aka ɗora shi a kai a nan guda ɗaya ne. Ɗalibi mai jin Faransanci, a Yamai yake ko Damagaram ko Zariya, wanda ya sa a ransa zai zama masanin tarihin sarautar Faransa daga hawan François na 1 a 1515 zuwa juyin juya halin 1789, har ina wannan shafi zai kai shi? A matakin digiri na biyu zai kai shi nesa ƙwarai. A kundin dakta kuwa zai sauke shi a tsakiyar hanya, kuma gara ya san dalili tun kafin ya zaɓi maudu'i.

Ƙarfin Gallica daga tarihin laburaren ya samo asali. BnF laburaren sarki ne tun fil azal, kuma a 1537 François na 1 ya kafa dokar cewa duk littafin da aka buga a ƙasar sai an kai wa laburarensa kwafi. Ba kullum masu ɗab'i suka bi dokar ba, amma abin da ya taru yana da yawan gaske. Jaridar Gazette da Théophraste Renaudot ya fara a 1631 ƙarƙashin inuwar Richelieu, babban ministan Louis na 13, tana nan. Haka ma Mercure galant da aka fara a 1672, wadda ke kawo labarin naɗe-naɗe, aure da mutuwar manyan fada. Almanach royal, wanda ke ɗauke da wannan suna tun 1700, yana jera masu riƙe da muƙamai shekara bayan shekara, kuma babu abin da ya fi shi saurin warware tambayar wane ne ke kan wace kujera a wace shekara.

Sai kuma manyan tarin takardu da malaman ƙarni na 19 suka kwafa suka buga. Tarin dokokin sarakuna da Isambert ya tattara juzu'i 29 ne. Wasiƙun Henri na 4 juzu'i 9, na Richelieu da Avenel ya tattara juzu'i 8, wasiƙun mulki na zamanin Louis na 14 da Depping ya fitar juzu'i 4, ga na Colbert, ministan Louis na 14, da Pierre Clément ya buga daga 1861. A da, sai wanda jami'arsa ke da tsohon laburare mai kuɗi yake ganin waɗannan. Yanzu suna tafin hannun duk mai waya. Sai dai a yi hattara da su: editocin wancan zamani zaɓe suka yi, ba duka suka buga ba, sukan gyara rubutu zuwa ƙa'idar zamaninsu, wani lokaci su datse sakin layi ba tare da sanarwa ba. Isambert musamman yakan kawo kan doka kawai ko gutsurenta. Ka nemo hanya da shi, amma in hujjarka ta rataya a kan kalma ɗaya ta doka, sai ka koma bugun zamanin da aka yi ta.

Inda sabon shiga ya fi yin asarar lokaci shi ne akwatin nema na shafin farko. Yana kama da na Google, shi ya sa mutane suke amince masa, alhali aikinsa daban ne. Yana lalube ne a cikin bayanan kundi da kuma rubutun da na'ura ta karanto daga hoton shafi, kuma na'urar tana shan wahala da bugun ƙarni na 16 zuwa na 18. Dalili na farko doguwar s ce, wadda ake bugawa kamar f marar sanda: kalmar conseil sai ta fito confeil, justice ta koma juftice. Na biyu, u da v, haka i da j, masu ɗab'i ba su rarrabe su kamar yadda ake yi yanzu, don haka une takan zo a vne, avoir kuma a auoir. Na uku tsohuwar ƙa'idar rubutu ce kanta: roy a maimakon roi, estat a maimakon état, sçavoir a maimakon savoir, françois da étoit a maimakon français da était. Wannan na ƙarshe sai a 1835 Académie française, hukumar kula da harshen Faransanci, ta amince da sauya shi. Wanda ya rubuta conseil d'état ya tsaya, ya bar mafi yawan abin da yake nema a baya, kuma shafin ba zai gaya masa ba. Duk kalmar da ta shafi aikinka, ka tanadi siffofinta uku ko huɗu ka gwada kowacce, har da gurɓatacciyar siffar da na'ura ke fitarwa.

Akwai matsalar da ta fi wannan. Littattafai da yawa da aka fara sakawa a shekarun farko daga maikrofim aka ɗauko su, baƙi da fari, kuma wasunsu hoto ne zalla, babu rubutun da za a lalube. Rubuce-rubucen hannu ma galibinsu haka suke. Idan nema bai kawo komai ba, wannan ba shaida ba ce cewa kalmar ba ta cikin littafin. Ga littafin da ke da rubutu, shafin bayani yana nuna kason da ake hasashen na'ura ta karanta daidai. Ka duba wannan lamba kafin ka dogara da sakamako. Ka kuma liƙa .texteBrut a ƙarshen adireshin littafin, zai buɗe maka rubutun tsagwaronsa, ka ga da idonka irin ɓarnar da aka yi.

Hanyar da ta fi ita ce ka shigo ta ƙofar baya. Ga littafin da aka buga, fara da babban kundin laburaren a catalogue.bnf.fr, ka tantance bugu, shekara da mai ɗab'i, sannan ka bi mahaɗin da ke kaiwa Gallica. Wannan yana da muhimmanci domin littafi mai juzu'i da yawa yakan warwatse a sakamakon nema, juzu'i na 3 daga wani bugu, na 4 daga wani, lambobin shafi ba su dace ba. Ga rubutun hannu, ƙofar ita ce archivesetmanuscrits.bnf.fr, kuma a nan lambar ajiya ce komai. Dole ka san sunayen tarin: Français, Nouvelles acquisitions françaises, Dupuy, Baluze, Clairambault, Cinq Cents de Colbert, Mélanges de Colbert, Joly de Fleury, da takardun salsalar gidajen sarauta da ke Cabinet des titres. Kowane tari yana da halinsa. Mélanges de Colbert cike yake da wasiƙun da aka aiko wa Colbert, Joly de Fleury takardun babban lauyan sarki ne a kotun Parlement ta Paris a ƙarni na 18, Clairambault kuma ya fi ƙarfi a kan gidajen manya da lambobin girma na sarki. Ba duka aka ɗauki hotonsu ba, amma kundin yana nuna wanda ke kan intanet.

Misali guda da zai ja hankalin mai karatu daga wannan yanki: Français 12219 da 12220 tarihin Tarabulus ne da wani likitan fiɗa Bafaranshe da aka tsare a can ya rubuta a zamanin Louis na 14, kuma a ciki akwai bayani kan daular Borno da huldarta da Tarabulus. Taswirorin masu zanen ƙasa na sarki, irin su Sanson da Delisle, suna ɗauke da Cano, Cassena, Zegzeg, Zanfara da Guber, sunayen da suka gada daga Leo Africanus. Wanda ya rubuta Kano ko Katsina a akwatin nema ba zai same su ba.

Idan ka samu takardar, na'urar kallo tana da kyau. Hotunan da aka ɗauka a 'yan shekarun nan masu launi ne, kana iya zuƙowa har ka ga inda alƙalami ya tsage takarda, kuma ga mai koyon karatun tsohon rubutu wannan ya fi kallon ainihin takardar a ɗaki mai ƙarancin haske. Na maikrofim kuwa sai haƙuri: tawadar da ta ratsa daga bayan shafi takan haɗe da ta gaba, rubutun gefe yakan nutse cikin ɗinkin littafi, jan alli da fensir sukan ɓace gaba ɗaya.

Kuskuren da ke zubar da mutuncin kundi a gaban masu jarrabawa shi ne rikita lambar hoto da lambar warƙa. Kowace takarda tana da adireshi na dindindin da ke farawa da ark:/12148/, sai bpt6k ga mafi yawan littattafan bugu ko btv1b ga rubutun hannu, taswira da zane. Abin da ke biye, kamar f25, lambar hoto ce, an ƙirga har da bango da fararen shafuka. Ba ita ce lambar warƙar ba. Rubutun hannu ana ambatonsa ne da lambar da aka rubuta a kusurwar warƙa, tare da nuna gaba ko baya, wato recto ko verso. Ka rubuta lambar ajiya da warƙa tukuna, misali Mélanges de Colbert, juzu'i kaza, warƙa kaza baya, sannan ka ƙara adireshin a matsayin taimako. Wasu kundaye ma suna da lamba biyu, tsohuwa da sabuwa, ɗaya da tawada ɗaya da hatimi. Ka zaɓi wadda kundin laburaren ya bi, ka faɗa a gabatarwar aikinka.

Gallica hoto yake ba ka, ba ya koya maka karatu. Rubutun akawun ƙarni na 16 da farkon na 17 yana da wuya ko ga Bafaranshe haifaffe, kuma maganinsa atisaye ne kullum. Shafin Theleme na École des chartes, makarantar horar da masana tsofaffin takardu, yana da takardu tare da kwafinsu don gwaji, kyauta. Bayan haruffa akwai tarkon kwanan wata. Kafin dokar da Charles na 9 ya tabbatar a Roussillon a 1564, shekara a fadar sarki tana farawa ne daga Ista, kuma kotun Parlement ta Paris ba ta bi sabon tsarin ba sai 1567. François na 1 ya rasu ranar 31 ga Maris 1547 a lissafinmu, amma Ista ta shekarar ta faɗo ne 10 ga Afrilu, don haka takardun lokacin 1546 za su rubuta. Duk wata takarda ta Janairu, Fabrairu, Maris ko Afrilu kafin wannan gyara, sai ka bincika ranar Ista. A 1582 kuma Faransa ta tsallake daga 9 ga Disamba zuwa 20 ga Disamba, Ingila ba ta bi ba sai 1752, shi ya sa wasiƙar jakada daga Landan takan zo da kwanan wata biyu, ɗaya bisa ɗaya. Akawu yana rubuta 7bre, 8bre, 9bre da Xbre yana nufin Satumba, Oktoba, Nuwamba da Disamba, ba wata na bakwai zuwa na goma ba. A lissafin kuɗi, livre ɗaya sol 20 ce, sol ɗaya denier 12, kuma iiii da xx a samanta na nufin ashirin sau huɗu, wato 80. Daga 1577 zuwa 1602 an koma yin lissafin gwamnati da écu mai livre 3, saboda haka wanda ya jera alƙaluman 1590 da na 1610 bai canza ba, ya yi kuskuren ninki uku.

Saukewa tana aiki, amma tana buƙatar dabara inda data ke da tsada. Juzu'i guda mai launi yana iya cin ɗaruruwan megabait, kuma in layi ya yanke sai a sake daga farko. Akwatin saukewa yana ba da damar zaɓar daga shafi kaza zuwa kaza, to ka riƙa ɗauka gutsure-gutsure, shafi 50 ko 100, ka sa wa kowane fayil lambar ajiya da lambar warƙa nan take. PDF ɗin da ake samu bai kai hoton da ke kan allo kaifi ba. In kana son shafi guda da cikakken ƙarfinsa, adireshin IIIF, wanda ke buɗe hoton kai tsaye, shi ne mafita: gallica.bnf.fr/iiif/ark:/12148/, sai lambar takardar, sai /f25/full/full/0/native.jpg, kana canza 25 da lambar hoton da kake so. Kada ka saki manhajar kwashe shafuka da gudu, domin shafin yana toshe wanda ya matsa masa da buƙatu. Amfani da hotunan ba don kasuwanci ba kyauta ne, har da wallafar ilimi, da sharaɗin a ambaci gallica.bnf.fr da BnF a matsayin tushe. Na kasuwanci sai da lasisi. Littattafan zamani da ke ƙarƙashin haƙƙin mallaka ba sa buɗuwa daga waje, don haka muƙalun masana sai a Persée da OpenEdition da HAL, kundayen dakta kuma a theses.fr.

Babban gibin ba na fasaha ba ne. Gallica laburare ne, ba ma'ajiyar takardun gwamnati ba, kuma takardun da mulkin sarki ya haifa a aikinsa na yau da kullum suna wasu gidaje. Hukunce-hukuncen majalisar sarki suna jerin E a Archives nationales, ma'ajiyar takardun ƙasa, na gidan sarki suna O1, na baitulmali G7, na kotun Parlement X, ga kuma takardun masu rubuta yarjejeniya na Paris a Minutier central. Wasiƙun jakadu da mafi yawan takardun Richelieu da magajinsa Mazarin suna ma'ajiyar ma'aikatar harkokin waje a La Courneuve. Na yaƙi, har da tulin wasiƙun Louvois, ministan yaƙi na Louis na 14, suna Vincennes. Na ƙasashen da aka mallaka, ciki har da jerin C6 kan Senegal da gaɓar Afirka, suna Aix-en-Provence. Kowace jiha kuma tana da tata ma'ajiyar. Wasu daga cikin waɗannan gidaje sun saka wani ɓangare a nasu shafukan, amma mafi yawa har yau sai an je an zauna an buɗe kwali.

In ka dubi rayuwar aikin waɗanda suka gina wannan fanni, za ka ga nauyin gibin. Roland Mousnier ya fito da kundinsa kan sayar da muƙamai a zamanin Henri na 4 da Louis na 13 a 1945, ya koyar a Strasbourg, sannan ya riƙe kujera a Sorbonne daga 1955 zuwa 1977. Muhawararsa da Boris Porchnev na Tarayyar Sobiyet kan tawayen talakawa kafin 1648 ta ginu ne a kan wasiƙun da aka aika wa Séguier, shugaban shari'a na sarki, waɗanda suka rabu gida biyu: wani kaso a Paris, wani kuma a Leningrad, inda ya kai ta hannun wani jami'in jakadancin Rasha da ya tattara takardu lokacin juyin juya hali. Michel Antoine, wanda ya fito daga École des chartes, shekaru ya yi yana ma'aikaci a Archives nationales yana tsara rajistar hukunce-hukuncen majalisa kafin ya fitar da aikinsa kan majalisar Louis na 15 a 1970. Daniel Dessert ya bi masu ba sarki bashi ta cikin yarjejeniyoyin Minutier central, ya nuna a 1984 cewa kuɗin manyan fada ne ke bayan 'yan kwangilar haraji. William Beik, Ba'amurke, ya zauna da takardun lardin Languedoc, kuma a 1985 ya kawo hujjar cewa ƙarfin Louis na 14 ya dogara ne da raba amfanin haraji da manyan lardi, ba murƙushe su ba. Babu ɗaya cikin waɗannan ayyuka da za a iya yi da Gallica kaɗai.

Abin da ya sa wannan ya dame ni shi ne, gibin yana karkatar da tunani ba tare da an ankara ba. Gazette muryar fada ce. Dokar da aka buga tana faɗin abin da sarki ya so, ba abin da aka yi ba. Wasiƙun Colbert da aka tattara umarni ne ke fita daga sama. Ɗalibin da ya shekara biyu cikin waɗannan zai fito da sarki mai iko ba iyaka, wanda in ya ce a yi sai a yi, wato ainihin hoton da masana suka shafe rabin ƙarni suna gyarawa. Jinkirin kotu wajen rajistar doka, cinikin majalisar lardi kan adadin haraji, bashin da ya ɗaure hannun sarki, duk suna cikin kwalayen da ba a ɗauki hotonsu ba. Abin da ke Gallica ganga ce ta fada, tana da zaƙi, amma ba a jin kukan mai biyan haraji a cikinta. Ko takardun zambo na rikicin Fronde, daga 1648 zuwa 1653, waɗanda suka kai kusan 5,000 kuma suke kawo muryar masu adawa, sai an haɗa da tarin Laburaren Mazarine kafin a ce an gan su da kyau.

Ga mai shirin bin wannan hanya a Faransa, matakan sanannu ne: digiri na biyu, kundin dakta, muƙamin malamin jami'a da ake kira maître de conférences, sai takardar cancantar jagorantar bincike da ake kira HDR, wadda ta maye gurbin tsohon babban kundi irin na Mousnier bayan gyaran 1984, sannan kujerar farfesa. Da yawa suna biyowa ta jarrabawar ɗaukar malamai da ake kira agrégation ko ta École des chartes, wadda aka kafa a 1821. A kowane mataki masu tantancewa suna buɗe jerin majiyoyi su ga lambobin ma'ajiya nawa ne ba a taɓa bugawa ba.

Saboda haka zaɓin maudu'i shi ne inda za a yi wa Gallica adalci. In ba ka da halin tafiya, ɗauki tambayar da amsarta ke cikin abin da aka buga ko aka zana: yadda Gazette ta ba da labarin wani yaƙi, tsarin bikin naɗin sarki a Reims, hujjojin lauyoyi kan gadon sarauta, bugu daban-daban na dokar bayi ta 1685, yadda aka bayyana zuwan jakadan masarautar Allada, a Jamhuriyar Benin ta yau, fadar Louis na 14 a 1670, ko sauye-sauyen taswirar Afirka ta Yamma daga Sanson zuwa d'Anville. Waɗannan za su tsaya da ƙafarsu. In kuwa tambayarka ta shafi haraji, muƙamai, shari'a ko mulkin lardi, yi amfani da shafin wajen gama duk karatun share fage da koyon rubutu, ka tsara jerin lambobin kwalaye daga rajistocin Archives nationales da ke kan intanet, sannan ka nemi tallafin zama na wata biyu ko uku. Takardun kafin 1790 suna reshen da ke tsakiyar Paris, a unguwar Marais, ba a sabon ginin Pierrefitte-sur-Seine da aka buɗe a 2013 ba, kuma akwai iyakar kwalayen da ake ba mutum a rana, don haka ka yi odar na ranar farko tun kafin ka taso.